Askin da Ya Zarce

Mai Aski ake ce masa a layin masu gyara, alhali bai taɓa riƙe aska ba. Kwamfutoci yake yi wa aski. A kawo masa tsohuwa mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, irin wadda in ka kunna ta za ka yi wanka ka dawo ba ta gama farkawa ba, sai ya zauna ya rage wa babbar manhajar da ke tafiyar da ita kaya. Ya cire wannan, ya datse wancan, har ta samu ta yi numfashi. Shekara goma sha huɗu yana wannan sana'a a shagon da mutum uku ba sa juyawa a ciki.

Yana da yaya makauniya, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Daga gida take buga wa wani ofishin lauyoyi takardu. A aiko mata da magana a naɗe, ta saurara ta buga, 'yar kwamfutarta na karanta mata abin da ta rubuta. Da wannan take ci da 'ya'yanta biyu.

Kwatsam ofis ya sauya hanyar karɓar aiki, tsohuwar manhajarta ta daina shiga. Aka ce mata zuwa Litinin, ko ta shiga ko a ba wani kujerar. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kuwa 'yar mitsitsiya ce, rabin giga kacal, a manne take, ba a ƙara mata. Sabuwar kwamfuta kuma sai dai kallo a kanti.

Aka kawo masa kwamfutar, ya ɗora sabuwar manhaja ranar Juma'a. Ta tashi lafiya, amma da ya kunna muryar karatu sai ta sandare. Asabar ya gwada wasu manhajoji marasa nauyi har huɗu, duk kanwar ja ce. Ranar Lahadi da rana Yaya ta zo da kanta, ta zauna a benci, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Auta, ka yi shiru da yawa. Mutuwa ta yi?"

"Ba ta mutu ba, Yaya. Ɗaki ɗaya ne, baƙi biyu. In manhaja ta shiga, murya ba ta da wurin zama."

"To me ke cinye wurin?"

"Hotuna, launuka, 'yan tagogin nan, kibiyar da ke yawo a allo."

"Wa zai kalle su? Ni?"

Ya dafe kai. Kwana uku yana yi wa makauniya tanadin abin kallo! Nan take ya hau share su. Garin sauri ya haɗa da abin da ke kunna allon kansa. Ya kashe, ya kunna. Baƙi ƙirin. Shi da ba ya taɓa aski sai ya kwafe kayan mutum a gefe, wannan karon bai kwafa ba, ga aikinta na wata guda a ciki.

"Yaya, na kashe ki. Ba na ganin komai."

"Barka da zuwa unguwarmu," ta ce. "Miƙo min abin kunne."

Ta saka, ta karkata kai. Can ta ɗaga yatsa.

"Tana magana. Murya kamar kwaɗo mai mura, amma tana magana. Matsa can, mai ido."

Ya matsa. Yana faɗin umarni harafi-harafi, tana bugawa, tana maimaita masa abin da muryar ta ce. Sau biyu ya yi kuskure, sau biyu ta ce, "Kai, wa ya koya maka aikin nan?" Bai iya dariya ba. Ya rufe ido, don allon ba ya ƙara masa komai sai fargaba.

Wajen la'asar ta samo takardunta, duk suna nan. Ta aika guda ɗaya ofis don gwaji. Kwamfutar ta yi shiru, shirun da ya ji har cikin haƙoransa. Sannan Yaya ta sauke numfashi.

"Ta ce an karɓa."

Wurin da ya rage a ƙwaƙwalwar bai fi cikin cokali ba. Ya ce mata kada ta buɗe takarda biyu a lokaci guda, kuma in ofis ya sake sauyi, babu sauran abin askewa.

"Wannan na gobe ne," ta ce, tana laluben jakarta. "Kai dai riƙe min hannu, akwai kwata a ƙofarku."