Finjali Na Uku

Jiya da yamma ina wucewa ta layin masu kayan ƙamshi a Kasuwar Litinin, sai ƙaurin gahawa da ake soyawa ya tare ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai baro ya yi mini magana. Ba kasuwar nake gani ba a lokacin. Tsakar gidanmu na Bolori nake gani, da inuwar dalbejiya, da tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya.

Kakata ta wajen uba ba 'yar ƙasar nan ba ce. Mutanen unguwa suna ce mata Hajiyar Habasha, ita kuwa duk wanda ya faɗi haka sai ta gyara masa a hankali, ta ce ita Oromo ce. Ina ƙarama ban san bambancin ba. Abin da na sani shi ne tana budurwa ta bar garinsu mai duwatsu da gonakin gahawa, ta shiga jirgin ruwa zuwa Jidda neman aiki, a can kakana ya gan ta da ya je aikin Hajji, ya aure ta ya kawo ta Maiduguri. Hausarta tana da wani ɗan karkata, amma a garinmu wa zai yi wa wani dariya? Kusan kowa aron Hausar ya yi, ya ɗora ta a kan harshen uwarsa.

Mutum ɗaya ce a duk garin ta san inda Kaka ta fito. Muna kiranta Sista, domin ta daɗe tana aikin jinya. Ita Amhara ce, wata ƙabila daban a ƙasar tasu, Kirista, ta auri wani mutumin kudancin Borno da ya yi karatu a ƙasarsu, ya rasu ya bar ta a Jiddari Polo. Kowace Juma'a bayan la'asar za ka ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida, ta shigo da farin mayafinta da ƙullin gugguru.

Kafin ta iso Kaka ta share gindin dalbejiya, ta barbaza ɗanyar ciyawa a ƙasa. Da damina abin da sauƙi. Da bazara kuwa, lokacin da ƙasar Borno ke ƙona tafin ƙafa, sai ta saya wurin masu ciyawar dabbobi, ko da tafin hannu ɗaya ne. Ta ce a garinsu ba a shan gahawa a kan busasshiyar ƙasa. Za ta soya 'ya'yan a kasko har su yi baƙi suna sheƙi, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka, ta zuba a butar yumɓu mai dogon wuya, ta sa turaren wuta a gefe. Sau uku ake tafasawa, sau uku ake sha. Na farko mai ƙarfi, na biyu sassauƙa, na uku kusan ruwa ne, amma shi ne babba. Shi ne na albarka. Mai gida ke miƙa shi da addu'a, kuma baƙo ba ya tashi sai ya sha. Wanda ya tashi kafin nan ya faɗi abin da baki bai faɗa ba.

Da harshen Sista suke hira a lokacin, harshen da aka koya wa Kaka a makaranta, aka hana ta yin nata a aji. Ba ma jin komai sai dariyarsu. Idan musu ya ɗauke su kuwa, kakana yakan ɗago daga kujerarsa ya ce su juyo da shi Hausa kowa ya samu. Musun kullum ɗaya ne, a kan teku. Ƙasarsu tana da gaɓar teku a da, sai yankin da ke bakin ruwan ya ɓalle ya zama ƙasa mai kanta, ya tafi da tashar jiragen. Sista ba ta taɓa hucewa ba.

"Hajiya, ta wannan tashar kika fita," takan ce. "Yau ko kin so komawa, ƙofar da kika bi babu ita. Ƙasa mai mutane kamar tururuwa, an rufe ta a ɗaki."

"Ɗakin ma na wa ne?" Kaka takan amsa. "Lokacin da tekun yana nan, gahawar babana ke bi ta kansa, kuɗin ya koma aljihun mai gonar da aka ɗora masa. Gonar kakanninsa, ya zama ɗan ƙodago a cikinta. Ni ruwan gishiri bai taɓa ba ni komai ba sai amai a jirgi."

Kakana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin bandar kifi daga Baga, sai ya yi dariya. "Ku a takarda aka ɗauke muku ruwa. Mu tafkinmu da ƙafarsa ya tafi, ba mu samu wanda za mu yi wa faɗa ba. Ku zuba na uku."

Su zuba, su sha, magana ta mutu sai wata Juma'ar.

Ka san shekarun tashin hankalin da garinmu ya sha. Akwai lokacin da aka katse layin waya gaba ɗaya, ana kulle gari tun rana ba ta faɗi ba. Abin mamaki, a cikin wannan tsoron ne na fi tuna su da kwanciyar rai. Babu labarin da ke zuwa daga ko'ina. Sista takan zo da wuri, idan dokar hana fita ta rutsa da ita ta kwana a ɗakin Kaka. Da ƙarar bindiga ta tashi daga nesa, sai na ga hannun Kaka ya nemi nata.

Kakana ya rasu, layi ya dawo, aka sayo wa kowaccensu babbar waya. Ta cikin wayar ƙasarsu ta shigo tsakar gidanmu. Matasan Oromo sun fito kan titi saboda gonakin da ake karɓewa ana ƙara wa babban birni, an kama ɗan ƙanin Kaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kaka ta riƙa kallon hotunan har idonta ya yi ja. Wata Juma'a Sista ta gaishe ta da harshen da suka saba, Kaka ta amsa da Hausa. Sista ta sake, Kaka ta sake amsawa da Hausa. Sista ta dube ta ta daɗe, sannan ita ma ta juya zuwa Hausa. Tun daga ranar nake jin duk abin da suke faɗa, kuma da na san abin da zan ji, da na gwammace dariyar da ba na fahimta.

Abin ya faru ne a ƙarshen damina, ciyawa kore shar ko'ina. Sista ta shigo ba gugguru. Ta sha na farko. Ana zuba na biyu ta ce an kashe ƙaninta. A garin da aka haife su, cikin ƙasar Oromo, wasu matasa sun bi gida gida suna neman waɗanda ba nasu ba. Malamin makaranta ne, ta ce, ya tsufa yana koyar da 'ya'yansu.

Kaka ta sunkuyar da kai. "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa," ta ce. Da ta tsaya nan. Amma ta ɗago ta ƙara da cewa, "Mu kuma da aka daɗe ana binne namu, ban ji wanda ya yi kuka ba."

Sista ta ajiye finjalin a kan ciyawa a hankali, kamar tana tsoron kada ya fashe. "Ni na yi, Hajiya. A nan wurin na yi, tare da ke."

Ta gyara mayafi ta fita. Butar tana kan wuta, na uku yana tafasa.

Kaka ba ta bi ta ba. Juma'ar da ta biyo ta share wuri, ta barbaza ciyawa, ta fito da finjali biyu. Babu keken da ya tsaya. Babana ya ce zai kai ta Jiddari Polo, ta ce gwiwarta na ciwo. Na sha ganin ta danno lambar Sista a waya, ta zuba mata ido har hasken ya mutu. Haka damina ta sake zagayowa, ta sake, Kaka tana tafasa na uku tana zubarwa a gindin dalbejiya. Cikin sanyi ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba.

Ranar addu'ar uku Sista ta zo, tana dogara sanda. Ta zauna cikin mata har aka watse. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da ɗan damin ɗanyar ciyawa, ban san inda ta samo ta a wannan rani ba, ta ce mini, "'Yata, kin iya?" Na ce na gani ana yi. Na soya, na daka. Ta sha na farko, ta sha na biyu. Na miƙa mata na uku, ta riƙe shi da hannu biyu har ya huce.

"Mai gida ce ke sa masa albarka," ta ce. Ta ajiye shi a inda Kaka ke zama.

Yanzu na girma, na karanta tarihin ƙasar a littattafai, na san kowaccensu tana da gaskiyarta da matattunta. A rediyo ana ta maganar tekun nan har yau, shugabanni na rantsuwa sai sun kai bakin ruwa, wasu na cewa sai dai a yi yaƙi. An sare dalbejiyar an yi shago a wurin. Nakan je Jiddari Polo in na samu hali. Sista ta rikice, Hausar da ta ara ta zube mata kaf, ba ta gane 'ya'yanta. Amma idan na shiga takan kama hannuna ta ce mini Hajiya, ta yi ta magana, ba da harshenta ba. Da harshen Kaka take yi, wanda ta taso tana ji a garinsu, ba ta kuma taɓa yin sa da Kaka ba ko sau ɗaya. Daga muryarta na san tambaya take yi. Takan tsaya ta jira amsa, ni kuwa ko kalma ɗaya ta harshen ban iya ba.