Ƙahon da Inna ta sa aka yi mini

Wata tara ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku. Ban san abin da zan amsa ba ne.

Ƙanwata Saratu tana da sikila tun tana goye. Bara ciwon ya tsananta, likitoci suka ce sai dashen ɓargo. Aka gwada mu 'yan'uwanta huɗu a wani asibiti a Kudu, nawa ya dace da nata. Aka sa rana, na koma Gummi na jira.

Saura sati guda mu tafi, Inna ta kira wanzami.

Ta ce, "Ba ka ba ɗiyata mataccen jini. A fidda shi tukuna."

Na cire riga na zauna. Ƙaho shida ya kafa mini a baya. Ban ga laifi ba, haka muka tashi muka gani.

Ranar da likita ke duba ni ta ga tsagar. Ta tambaya yaushe, da wace aska, mutum nawa aka yi wa da ita. Ban sani ba.

Ta ce, "Ciwon hanta yana iya ɓuya a jini bai nuna ba tukuna. Dole mu jira mu sake gwaji."

Wata biyu muka jira. A sati na shida Saratu ta samu shanyewar ɓarin jiki.

Gwajina ya fito babu komai.

Da ta ɗan farfaɗo aka fara. Kwana biyar ana yi mini allurar da ke koro ƙwayoyin ɓargo zuwa cikin jini. Ƙuguna da ƙasusuwana suka yi ta ciwo. Na ce a raina, ashe ɗanɗanon abin da take ji ke nan shekara goma sha tara.

Sannan na'ura. Jini ya fita ta hannun dama, ta tsince abin da take so, ta mayar mini da saura ta hagu. Awa biyar. Leɓɓana suka yi zugi, aka ba ni magani. Ban ji tsoro ba, ban ji daɗi ba. Silin kawai nake kallo.

Dashen ya kama, alhamdulillahi. Ciwon bai sake tashi ba. Hannunta na hagu kuwa bai dawo ba, da haƙori take taya na dama ɗaura ɗankwali.

Na gode wa ma'aikatan jinya, da ku da kuka yi addu'a. Idan an zaɓe ka ka ba da ɓargo, kada a yi maka ƙaho ko tsaga, kada ka sha jiƙo, sai likita ya sani.

Ban gaya wa Inna dalilin jiran ba. Ba ta karatu, kuma ina roƙonku kada a kai mata.

Jiya tana yi wa Saratu kitso ta dube ni ta ce, "Ka gani ko? Ƙahon nan shi yaw wanke jinin."

Na ce, "Hakanan na, Inna."