Goyon da Ba Ƙafafu

Kakata Iya ba ta yarda da kowa ba, har kajinta zarginsu take. A hannunta na tashi a Ruwan Godiya. Kullum bayan magariba, in an sauke tuwo, sai mu zagaye murhu, tana tura kara a wuta tana gasa mana rogo. Ba ta fara tatsuniya sai ta leƙa zaure ta tabbata ba baƙo. "To, ga ta nan tafe," in ji ta. Mu ce, "Ta iso mu ji ta, Iya."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kura. Wai kura ta ji ana suna a wani gida, mata sun cika tsakar gida da jarirai. Ta ɗaura zane, ta goya kabewa da majanyi, ta yi lulluɓi, ta yi sallama. Nufinta in an shagala da rabon tuwo ta ajiye kabewa ta sunkuci ɗan wata. Kowa na yi mata sannu da goyo, sai wata tsohuwa ta ƙura mata ido.

"Kun san mi ta gani?" Iya kan tambaya, tana nuna mu da karan wuta. "Goyon gaskiya, ƙafafunshi biyu na leƙowa ta ƙugu. Wannan ko ɗan yatsa babu! Kuma tun hantsi ba a sauke shi ya sha nono ba." Tsohuwa ta ce a kwance a ga yaro. Kabewa ta faɗo ta fashe, mata suka bi kura da taɓare. "Iyakarta ke nan. Ku dai ku riƙa duban goyo kafin ku dubi fuska," in ji Iya.

Bara na shiga motar haya daga Ƙanƙara zuwa Faskari. An san halin da muke ciki, ana ta raɗe-raɗin wai har mata kan goya harsashi su kai wa mutanen daji. Kusa da ni wata mata ce, sa'ar ƙanwata, da goyo rufe ruf cikin hijabi. Duk mai goyo in ta shiga mota takan kwance ta ɗora a cinya. Ita ko ta ɗosana a bakin kujera, ba ta kwance ba. Na saci kallon ƙugunta, ba ƙafa. Ramuka muke ta faɗawa, ba kuka, ba motsi. Wallahi a raina na ce yau ga kura a mota.

Da muka isa shingen 'yan sintiri, ni da kaina na yafito ɗayansu na raɗa masa.

"Baiwar Allah, mi kika goyo?" ya tambaye ta.

Ta sauko, ta duƙa, ta kwance majanyi a hankali. Yaro ne ɗan wata biyar haka, an naɗe shi har ƙafa da farin ƙyalle. Da safen nan ya cika a asibiti.

"Gida zan kai shi wajen ubanshi a yi mashi sutura," ta ce. "Na san in direba ya sani ba ya ɗaukata."

Haka kuwa aka yi. Direba ya ce shi ba ya haɗa gawa da fasinja.

Na daɗe ina ɗora wa Iya laifin nan, har na gaji na bari. Ita ido ta ba ni, abin da na yi da shi nawa ne. Raɗar ma ba ita ke cin raina ba, kowa na da tsoro a hanyar nan. Matar ta sake duƙawa ta goya ɗanta, ta kai hannu baya ta gyara masa kai don kada wuyansa ya lanƙwashe, ta kama hanya a ƙafa. Ba wanda ya hana ni in sauka in raka ta. Na gyara zama, mota ta tashi.