Shekara Huɗu Da Rasa Baba A Ramin Gawayi

Shekara huɗu ke nan da aka ciro mahaifina, Malam Sani mai haƙar rijiya, daga ramin gawayi a bayan ƙauyenmu, kusa da Kwatarkwashi. Har yau in na ji ƙaurin kara yana cin wuta, sai na bar wurin.

Wasu mutane ne suka zo daga Gusau, suka ce iskar duniya ta ɓaci da hayaƙi, shi ya sa damina ke rikicewa. Wai maganin a ƙona karan dawa cikin rufaffen rami ya zama gawayi, a binne a gona, abin da karan ya zuƙa daga iska ya zauna a ƙasa. Na yi sakandare, na san iskar da suke nufi, kabon. Amma ba wanda ya gaya mana nauyi gare ta, tana kwanciya a gindin rami, ta shaƙe wanda ya shiga.

Baba ya san wannan a rijiya. Bai taɓa sauka ba sai ya zura fitila da igiya. In ta mutu, ranar babu aiki. Amma wannan ramin da suka ɗauke shi ya kula da shi bai kai tsawon mutum biyu ba, a wurinsa ba rijiya ba ne. Ya buɗe da hantsi, ya ga wuta ta mutu, ya sauka. Inna ce ta kai masa koko, ta leƙa, ta gan shi kwance.

Mutanen suka zo ta'aziyya, suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Bana ga wasu sun iso Tsafe, inda nake aure. Su kuma zafin wutar karan suke so, wai zai tayar da injin da ke tsotse kabon daga sama, har suna zancen janyo hayaƙin gidajen burodi ta bututu. Da Baba na nan, na san abin da zai tambaya: wane irin wankin iska ne sai an fara hura wuta? Kuma me ya sa masu masana'antu suka tsallake garuruwansu, sai karanmu na danga da abincin shanu?

Mijina Lawali suka ɗauka kula da wuta. Na yi kuka, ya yi dariya.

"Haba Hafsi, wannan tukunyar ƙarfe ce. Injiniyansu har da kwamfuta."

"Kwamfutar ce za ta shiga kwashe toka?"



Mutane na tuna Baba da rijiyoyinsa. Ni tsoro ya bar mini, kuma na daina jin kunyarsa. Na bi Lawali har wurin, gaban ma'aikata na ce wa injiniyan, "Malam, ranar kwasar toka kai za ka fara shiga, mijina ya biyo bayanka." Ya yi murmushi, ya ce zai tambayi ofis.

Yau kwana tara, ofis bai amsa ba, Lawali kuma yana gida. Allah ya jiƙan Baba.