Ranar da Ammi Layashi Ya Zagaya Shataletale Sau Huɗu

Duk wanda ya taɓa yin faci a bayan tashar Batna ta ƙasar Aljeriya ya san Ammi Layashi, wato Baffa Layashi a Larabcinsu. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don shekara arba'in ya yi a duƙe kan bahon ruwa yana neman inda tayar mutane ke fitar da kumfa. Gajere ne, da gashin baki kamar burushin goge takalmi. Ya daɗe da rufe shagon. Abin da ya rage masa a duniya ɗaki biyu ne, da 'ya ɗaya da ke aure a Faransa mai bugo waya ran Juma'a, sai motar.

Fijo ce ƙirar 1954, baƙa wuluk. A wata gona ya tsince ta, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Shekara takwas ya yi yana harhaɗa ta, har ta zama idan ta wuce sai masu shan gahawa su ajiye kofi su bi ta da kallo. Da ita ya shiga ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta garin, su goma sha huɗu, yawancinsu tsofaffin da matansu suka gaji da ganinsu a gida.

Kowace kaka, idan tuffa ta nuna a gonakin kan dutse, sukan yi ayari su hau, su kwana ɗaya a tanti, su dawo ta wata hanyar. Dokarsu biyu ce. Motar da ta fi tsufa ita ce a gaba, kuma ba mai wuce ta, ko da jaki zai zo ya wuce su duka. Hanya kuwa shugabansu Si Nuwari, wato Malam Nuwari, shi ne ke zana ta. Tsohon hedimasta ne, har yau bai yarda an sallame shi ba. Kowace shekara sabuwa yake fitarwa, ya rubuta a takarda, Larabci a sama Faransanci a ƙasa, ya miƙa wa na gaba da safiyar tafiya. Wanda aka kama yana leƙen taswira a waya shi ne mai wanke tukwane.

Shekara goma sha tara Ammi Layashi na jan ayarin nan, bai taɓa ɓata ba, motar ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Da wannan yake tsokanar kowa. Idan motar wani ta yi tari sai ya ce, "Kawo ta ta gaida kakarta, ko ta samu albarka."

Duk shekarun nan matarsa Khalti Zarfa, wato Inna Zarfa, ce a gefensa. Na baya suna hango ɗankwalinta ta gilashi yana rawa, bakinta ba ya hutawa tun daga Batna har sansani. Har waƙa suka yi musu, wai faɗan matar ne ke tura motar, ba fetur ba. Ba faɗa take yi ba, karatu take yi masa. Ammi Layashi bai san bihim ba, ko na Larabci ko na Faransanci. Kiwo ya yi lokacin da sa'o'insa ke makaranta, daga nan sai faci, kuma taya ba ta tambayar mutum takarda. Zarfa ta yi aji huɗu. Ita ke riƙe takardar Si Nuwari a cinya, ita ke duba alluna, ta ce dama, ta ce hagu, ta ce kai malam rage gudu ban gama haɗa baƙin ba. Ba wanda ya sani, har 'yar da suka haifa.

Da bazara ta rasu.

Da safiyar tafiyar bana, Si Nuwari ya zo da takarda a hannu, ya tsaya yana gyaran murya.

"Si Layashi, ko in sa wani ya zauna tare da kai? Hanyar bana tana da kwane-kwane."

"Kujerar da mai ita."

Si Nuwari ya miƙo takarda. Ammi Layashi ya karɓi takardar, ya yi mata kallon sani, ya ninke. Ya san duk wanda ya zauna a nan, kafin a yi nisa zai ce, Ammi dubi abin da aka rubuta can, daga nan kuma shi ke nan.

"To hedimasta, ta ina ka wahalar da mu bana? Faɗa da bakinka in ji ko ka haddace darasinka."

Si Nuwari kuwa abin nema ya samu. Ya jero sunayen ƙauyuka bakwai yana kaɗa yatsa. Ammi Layashi ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga mota yana ta maimaitawa a zuci kamar mai jan carbi.

Biyar na farko ba su ba shi wahala ba, ya san su da alamunsu: masallaci mai koren ƙofa, gadar da gefenta ya karye, mai sayar da zuma a ƙarƙashin bishiya. Iska ta yi sanyi, ganyaye sun yi ja, akwatunan tuffa jere a bakin kwalta. Sau biyu ya buɗe baki zai ce dubi can, sai ya tuna, ya mayar da hankalinsa kan sitiyari. Bai taɓa sanin injin motar nan na da ƙara haka ba.

Bayan ƙauye na biyar akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure inda hanya ke rabuwa biyu. Ita yake jira. Da ya iso babu ɓaure. An sare ta, an zuba wani ƙaton shataletale mai baki biyar, kowane baki da allonsa shuɗi, sabo fil, cike da rubutu.

Ya shiga. Ya wuce baki na farko, na biyu, na uku, na huɗu, ya dawo inda ya faro. Ya sake zagayawa. Motoci goma sha uku na biye da shi, don ba mai wucewa, har hancin Fijo ya kusa taɓa bayan a-kori-kurar Buzid makanike, wadda kullum ita ce ta ƙarshe. Suka zama zobe. Wani mai tarakta ya tsaya ya kashe inji yana kallo. A zagaye na uku Hashimi mai cire haƙori, wanda bakinsa ba ya da birki, ya leƙo daga 'yar motarsa mai kama da kwanon awo.

"Ammi! Ɗawafi bakwai ne, saura huɗu!"

Takardar na nan a kan kujerar gefe, a ninke. Gumi ya jiƙa masa hula. A na huɗu ya yi bismilla ya faɗa bakin da ya fi kama da mai hawa dutse.

Hawa kam ya hau. Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta fara, suka yi ta tafiya kusan awa guda, har hanyar ta kai su ƙofar wata ma'aikatar fasa dutse da aka daina aiki a cikinta. Mai gadi ya fito da kare, ya ga motocin zamanin kakansa jere a ƙofa cikin ƙura, ya tambaya ko fim ake yi.

Sai gab da magariba suka isa sansani a gindin itatuwan al'ul. Aka kafa tantuna a gurguje, aka ɗora nama a wuta, aka fito da gurasa da barkono. Hashimi bai bari ta huce ba.

"Jama'a, ku bar ganin laifinsa. Da can ana yi masa faɗa yana tafiya daidai. Yanzu ba mai zaginsa, shi ya sa ya rikice. Ammi, gobe in zauna kusa da kai in riƙa zaginka? Kyauta zan yi."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana satar kallon mutum. Ammi Layashi ma ya yi.

"Kai da ko haƙorin da ke ciwo ba ka ganewa sai ka cire uku, kai ne za ka nuna min hanya?"

Aka sake fashewa. Si Nuwari bai yi dariya ba. Ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Si Layashi, tsakanina da kai, idon ne? In idon ne ka faɗa min. Ba zan bar ka ka sauko da mutane daga dutsen nan da ido ɗaya ba."

"Idona ya fi naka. Daga nan ina hango furfurar cikin kunnenka."

"To me ya faru? An rubuta a allon ƙuru-ƙuru."

"Tunani ne ya ɗauke ni."

Si Nuwari ya gyaɗa kai, ya dafa masa gwiwa. Sannan ya zaro takardar komawa ya ba shi tun yanzu, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. "Ka duba ta a nutse. Shataletale uku ne a hanyar gobe, duk sababbi."

Tantinsa na mutum biyu ne. Ya shimfiɗa bargo a gefen da ya saba, ya bar ɗaya gefen. Idan ya ce ido ne, za su karɓe tuƙin, 'yarsa ta ji, ta sa a sayar da motar. Idan ya faɗi gaskiya, Hashimi ya samu abin ci har ya mutu, kuma shekara goma sha tara da aka yi ana cewa Layashi ya san hanya kamar tafin hannunsa sun tashi a banza. Idan ya yi shiru, shataletale uku na jiransa.

Da asuba bayan ya yi salla, kafin kowa ya fito, ya je wurin motar. Raɓa ta kwanta mata. Ya goge gilashin da hannun riga, ya ɗaga murfin inji, ya cire ɗan abin nan mai juyawa da ke raba wa filogai wuta, wanda bai fi babban yatsa ba. Ya jefa shi a aljihu, ya mayar da komai yadda yake. Ya daɗe tsaye da hannunsa a kan ƙarfen mai sanyi.

Da aka gama shan gahawa aka naɗe tantuna, kowa ya shiga motarsa. Ammi Layashi ya murza makulli. Fijo ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Sai ga kawuna na fitowa ta tagogi.

"La ilaha illallahu," in ji Hashimi, har da dafe ƙirji. "Kaka ta kwanta! Jama'a ku zo gaisuwa!"

Buzid ya taho da akwatin kayan aikinsa. Mutum ne da ba ya magana sai ta kama dole. Ya duba batir, ya duba mai, ya buɗe inda wutar ke rabuwa. Ya tsaya. Ya dubi gurbin da ba komai, ya ɗago ya dubi Ammi Layashi, ya dubi aljihun da tsohon ya dafe da hannu. Ammi Layashi na kallon itatuwa.

"Yaya, Buzid?" in ji Si Nuwari. "Za ta tashi?"

Buzid ya rufe murfin a hankali, ya goge hannunsa da tsumma.

"Ba a nan ba. Sai an je gida."

"Me ya same ta?"

"Tsufa."

Motar da ta mutu a baya take tafiya, a ɗaure da igiya. Wadda ke bi mata a shekaru ta Si Nuwari ce, don haka ya karɓi takardarsa ya ba matarsa, ya wuce gaba yana ƙoƙarin ɓoye murna. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo wucewa sai ya danna hon, wasu na tsiya wasu na jaje. Hashimi ya cire hula ya ɗora a ƙirji.

Buzid ya durƙusa yana ɗaura igiyar a ƙarƙashin Fijo. Bai ɗago ba ya ce, "Ammi, ka riƙa taka birki a gangara, kar ka hau ni."

"Na ji, ɗana."

"Baɗi ma sai ta ƙi tashi?"

Ammi Layashi ya shiga Fijo ya riƙe sitiyari. Buzid ya ja ƙullin ya gwada ƙarfinsa, ya shiga motarsa.

Igiya ta miƙe, Fijo ta motsa ba ƙarar inji, sai kukan tsakuwa a ƙarƙashin taya. Haka suka sauko daga dutsen, shi kaɗai a ƙarshen ayari, hannu biyu a kan sitiyari, ƙafa a kan birki, ba abin da yake gani sai bayan a-kori-kura da tukwanen jiya na karo da juna. Da suka iso shataletale na farko, igiyar ta ja shi dama, ya bi.