Sista Mai Jan Biro

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a ɗakin wankin ciwo. Ta wanke hannu, ta jera almakashi da auduga a tire, jan biro maƙale a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ke nan a haka, har sunanta ya ɓace, kowa sai Sista Mai Biro. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba.

Yayana tela ne. Da ƙafar dama yake taka keke, da ita yake ci da iyalinsa. Ƙusa ce ta ƙarje shi a ƙwaurin wannan ƙafar, ɗan abu kamar yakushin kyanwa. Kwana biyu sai zazzaɓi da ihu. Da muka kai shi asibiti da hantsi, wurin ja ne kawai, bai kai tafin hannu ba. Ni da bakina na ce, "Haba Yaya, ƙato da kai, wannan raki haka?" Har yau kunyar maganar nan nake ji.

Sista ta harare ni. "Ba raki ba ne. In zafi ya fi abin da ido ke gani, to ɓarnar tana ciki."

Ta zaro biron, ta zagaye iyakar jan, ta rubuta lokaci a kan fatar, ta ce kada mu motsa. Ba a yi awa guda ba jan ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu, fatar ta fara duhu. A gabana ta tare likitan tiyata a bakin ƙofa, zai fita cin abinci.

"Likita, abincin ya jira. Cutar nan mai cin nama ce, ta ƙarƙashin fata take gudu. In aka kai yamma, ƙafa ce. In aka kai gobe, rai ne."

Sau uku aka shiga da Yaya tiyata ana yanke mataccen nama, ga allurai ta jijiya ba ƙaƙƙautawa. Sati shida ita ke wanke ramin kullum, tana tsokanarsa: "Yi ihunka, tela, ƙanenka ba ya nan."

Sista, ke ce mai yarda da kukan mara lafiya tun kafin fata ta ba da shaida. Masu shara da masu tura gado duk sun faɗa mini ba Yaya ne na farko ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da za ta bari a ɗakin, don Allah kafin ku ce wa wani raki, ku zaro biro.

Jiya Yaya ya kai mata rigar da za ta sa ranar bankwana. Ta juya ɗinkin, ta ce, "Da keken lantarki ka yi ko?"

Ya ɗage ƙafar wando, ga tabon har gwiwa. "A'a Sista. Da ƙafarki na taka."