Bikon Ƙudan Zuman Baba Gergina

A ƙauyenmu na Brezak, can saman duwatsun Rodopi, in ka ce Baba Gergina ba a gane ba, ce mai zuma. Gajeriyar tsohuwa ce, ga faɗa, ga taurin kai. Ranar da aka kawo ta amarya daga Tsohuwar Unguwa da ke bayan tudu, uwarta ba ta da abin ba ta sai amya ɗaya ta ƙudan zuma, aka ɗoro a jaki, amarya na biye tana kuka. Amyar nan ta yi albarka har ƙuda suka cika bayan gida. Da su ta raini 'yarta Nedyalka, da su ta riƙe kanta bayan rasuwar mijinta. Da tsufa ya zo, cuta ta bi su, suka yi ta raguwa har aka koma amya ɗaya kamar farko.

Ƙarshen Agustan bara Nedyalka ta ja ta birni, aka cire mata yanar da ta rufe idonta na dama. Ranar da ta dawo ko zama ba ta yi ba, ta zagaya bayan gida. Shiru. Ta ɗaga murfin amya, wayam! Manyan rina sun matsa wa ƙudan lamba, sun cinye zumar, su kuwa suka kwashi sarauniyarsu suka yi gaba. Baba Gergina ta zauna daɓas a ƙasa. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da ido ya rufe, don ta san ƙudan da suka gudu a wannan lokaci ba su da abinci. Sanyin farko na saukowa, sun mutu ke nan, irin uwarta ya ƙare.

Maƙwabcinta Tirifon yana gasa tattasai a tsallaken shinge. Tun suna yara yake tsokanarta, har yau bai gaji ba.

"Gergina, haƙuri za ki yi," in ji shi. "Sun gaji da masifarki ne. Ni da ina da fiffike ai da tuni na bi su."

"Ka ji tsohon banza! Juya tattasanka, yana ƙonewa. Zan nemo su, kuma jakinka ne zai ɗauko su."

"A dajin nan? Ke da jiya ba ki rarrabe ni da turke?"

"Yau ma ban ga bambanci ba," in ji ta.

Washegari da hantsi ta fita da ɗan faranti, kwalbar ruwan sukari, da garin fulawa a aljihu. Abin da ya ba ta mamaki shi ne idon. Shekara da shekaru tana bin hanyar nan da lalube, yau ga komai tar. Ga tsattsewa sun jeru a kan waya suna shirin tafiya. Ga kurege ya cika baki da ɗan itacen oreh mai ɓawo kamar gyaɗa, yana hararanta kamar itacen na ubansa ne. 'Ya'yan shipka sun yi jajur a cikin ƙaya, wata bushiya ta ratsa gabanta tana ja da busasshen ganye. Har dariya ta yi ita kaɗai. Amma da ta isa makiyaya ta ga furannin nan masu ruwan hoda da ke fitowa tsirara ba ganye sun huda ƙasa, dariyar ta tsaya. Kowa a Brezak ya san in sun fito, sanyi yana bakin ƙofa.

A farkon kaka furen da ya rage wa ƙuda shi ne na birishlan, mai yaɗo a jikin katanga. Nan ta ajiye farantinta. Ƙuda ya sauka yana sha, ta barbaɗa masa gari a baya, ya tashi fari fat, ta bi shi da ido. Ya yi gangare, wajen amyoyin limamin coci, ba nata ba ne ke nan. Na biyu ma haka, na uku ma. Ta yi kwanaki tana wannan aiki, duk wanda ta yi wa gari sai gangare. Mata suka fara cewa aikin idon ya taɓa mata kai. Tirifon kuwa kullum yana bakin shinge.

"Mai zuma, yau nawa kika yi wa hoda?"

Ta wuce abinta, don ranar da asuba ta ga raɓa ta daskare a kan kabewa, tsoro ya kama ta sosai.

Sai ta bar ƙauyen, ta hau tudu da sandarta, gwiwa na ƙara. A bakin wani marmaro ta sake kafa faranti. Wani ɗan baƙin ƙuda ya sauka, ta yi masa gari. Ya tashi, ya yi kewaye, ya miƙe sama, inda babu amyar kowa. Duhun itatuwa ya sa farinsa ya fito, sabon idon ya riƙe shi har ya haye tudun. Ta matsa da farantin gaba, wani ya zo, shi ma can. Tana matsawa, suna ƙaruwa, har ta ankara ƙafarta na kan hanyar Tsohuwar Unguwa, inda yanzu ba kowa sai dila.

Gidan uwarta rabin rufin ya faɗa, birishlan ya lulluɓe bango, ƙuda na shige da fice ta fasasshiyar taga. Ta tura ƙofa. A cikin kabad ɗin bango, inda uwarta ke ajiye burodi a da, ga su nan sun dunƙule a kan 'yar saƙa da ba ta wuce tafin hannu ba, babu ko ɗigon zuma. Ta sa yatsa a hankali ta buɗa su. Ga sarauniya, da ɗigon jan farcen Nedyalka da ta shafa mata a baya da bazara.

"Au, yaji kuka yi, kuka taho gida?" in ji ta. "To na zo biko."

Da la'asar ta tsaya a bakin shinge, hannu a ƙugu.

"Tirifon, ɗaura wa jakin nan sirdi."

Nan take ya ɗaura sirdin. Ya ɗauko amyar da kansa, suka hau.

Kafin rana ta faɗi an juye ƙudan, an toshe ƙofar amya da ciyawa. Suka gangaro, jaki a gaba, Tirifon na riƙe da igiya, ita tana biye, duk ƙauye an fito kallo.

"Ku ba da hanya, ga amarya!" in ji Tirifon da ƙarfi. Ya waiwayo. "Kai, Gergina, wancan karon ma kuka kika yi ta yi a hanyar nan."

"Wancan dabam, wannan dabam," in ji ta, tana share fuska da gefen ɗankwali. "Ja jakin a hankali, kada ka girgiza min su. Ba su ci komai ba."